IDO BA MUDU BA NE: A FAƊI KIMA TARE DA IYAKARTA

Idan kaka ta kama a ƙasar Musawa, daga Jikamshi har Dangani da Tuge, ba abin da a ke ji a bakin gona da gindin rumbu sai gardamar kima. Manomi ya ɗaure dawarsa, ya ƙidaya, ya sami dami 200. Ya dubi tarin ya ce lalle buhu 50 ne a ciki. Mai saye da ya zo daga Funtuwa ya zagaya tarin sau ɗaya, ya girgiza kai, ya ce in ya kai buhu 35 an gode Allah. Malamin gona kuma ya fito da littafinsa ya rubuta 40, ya hau babur ya tafi. Mutum uku, lamba uku, ga shi kuwa ba wanda ya sussuka ko dami guda.

Wannan gardama ba ta wasa ba ce. Bisa wannan lamba manomi zai yanke shawarar abin da zai sayar da abin da zai bari a rumbu, da bashin taki da zai ci baɗi, da ko zai iya aurar da 'yarsa bana. In ya yi kimar buhu 50 alhali 38 ne, ya sayar da abinci da yawa a kaka lokacin da hatsi ke araha, to, cikin watan Yuli ko Agusta sai ga shi a kasuwa yana awon tiya da tsada. In kuma ya yarda da 35 na mai saye ya sallama tarin, alhali 43 ne, ya yi kyautar buhu 8 bai sani ba.

Magabata sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Gaskiya ne. Sai dai kimar da a ka faɗa lamba guda tak, ba a faɗi inda za ta iya faɗuwa ko inda za ta iya tashi ba, rabin magana ce. Abin da ya kamata jama'ar gona su riƙe shi ne: duk wanda ya kawo lambar amfanin gona, manomi ne, ko ɗan kasuwa, ko akawun hukuma, ko ma'aikacin banki, a nemi ya faɗi abu uku. Nawa ya auna? Yaya ya zaɓi abin da ya auna? Daga nawa zuwa nawa ya ke tsaya wa lambarsa? Wanda ba ya iya amsa waɗannan, cinikin biri a sama ya ke kira a yi.

YADDA A KE FITAR DA IYAKA

Akwai hanyar lissafi ta yin wannan, ba ta kuwa fi ƙarfin yaron da ya gama firamare ba. Ga misali da dami 200 ɗin nan.

Ba mai iya sussuka dami 200 don kawai ya san kima. Sai a ɗebi kaɗan a gwada, watau samfur. A ce an ɗebi dami 5 an sussuka, an sheƙe, an auna, a ka sami tiya 6, da 7, da 8, da 9, da 10. In an tara ya zama 40, a raba 5, kowane dami ya tashi tiya 8. Wannan shi ne matsakaici. Dami 200 sau 8 ya ba da tiya 1,600, in an ƙidaya tiya 40 a buhu ya zama buhu 40 daidai.

To amma da an ɗebi wasu biyar dabam, da ba 8 za a samu ba, watakila 7, watakila 9. Don haka sai a duba yadda damunan su ka saɓa wa juna. Na farko ya kasa matsakaici da 2, na biyu da 1, na uku daidai ya ke, na huɗu ya fi da 1, na biyar ya fi da 2. A riɓa kowane da kansa: 4, 1, 0, 1, 4. Jimla 10. A raba da adadin damunan ban da ɗaya, watau 4, ya ba da 2.5. Sa'an nan a nemi lambar da in an riɓa ta da kanta za ta ba da 2.5, ita ce wajen 1.6. Wannan lamba ita ce gwargwadon saɓanin damuna: dami ɗaya ya kan kauce wa matsakaici da kamar tiya ɗaya da rabi.

Saura mataki biyu. A raba 1.6 da lambar da in an riɓa ta da kanta za ta ba da adadin damunan da a ka auna. Ga dami 5, lambar ita ce wajen 2.2, sai a sami 0.7. Daga nan a riɓa 0.7 da wata lamba da masana su ka tsara. In abin da a ka auna 5 ne, lambar 2.8 ce. In 10 ne, 2.3. In 25 ne ko fiye, sai a ɗauka 2 don sauƙi. Ke nan 0.7 sau 2.8 ya ba da kusan tiya 2. A rage 2 daga 8, a kuma ƙara 2 kan 8: matsakaicin dami yana tsakanin tiya 6 da tiya 10, watau tarin yana tsakanin buhu 30 da buhu 50.

A lura da abin da lissafin ya nuna. Da dami 5 kaɗai, ba a iya ƙaryata manomi ba a iya ƙaryata mai saye, domin 35 da 50 duk sun shiga ciki. Lissafin ya faɗi gaskiya, cewa awon bai isa ya raba gardama ba tukuna.

Yanzu a ce an yi haƙuri an sussuka dami 25, matsakaici ya sake fitowa tiya 8, saɓani kuma tiya 1.5. Lambar da za ta ba da 25 in an riɓa ta da kanta ita ce 5. A raba 1.5 da 5, ya zama 0.3. Sau 2, ya zama 0.6. Matsakaicin dami yana tsakanin tiya 7.4 da 8.6. Sau 200, tiya 1,480 zuwa 1,720, watau buhu 37 zuwa buhu 43. Nan gardama ta mutu. Buhu 50 na manomi buri ne, buhu 35 na mai saye kuwa neman ragi ne. Wannan tsakani, daga iyakar ƙasa zuwa iyakar sama, shi ne abin da ya kamata a riƙa faɗa a maimakon lamba guda.

ABIN DA IYAKAR KE NUFI

An tsara lambobin nan, 2.8 da 2.3 da 2, yadda in an bi wannan hanya sau 100, kowane karo da sabon ɗiba, wajen sau 95 iyakokin da a ka fitar za su kama gaskiyar matsakaici a tsakaninsu, wajen sau 5 kuma za su kuskure. Ba wanda ya yi alkawarin tabbas, tabbas sai ranar da a ka sussuka duka a ka auna. Mai son amincin 99 cikin 100 sai ya riɓa da wajen 2.6 maimakon 2, in awonsa na da yawa, amma fa iyakar za ta ƙara faɗi.

Akwai kure biyu da a kan yi. Na farko, mutum ya ji an ce 7.4 zuwa 8.6, ya zaro dami guda ya sussuka ya sami tiya 6, sai ya ce lissafin ƙarya ne. Iyakar ta matsakaicin dukan damuna ce, ba ta kowane dami ba. Dami ɗaya na iya ba da 5, wani ya ba da 11, lissafin yana nan daram. Na biyu, a kan zaci in an ninka awo sau biyu iyakar za ta ragu rabi. Ba haka ba ne. Mai son ya rage faɗin iyaka da rabi sai ya ninka awonsa sau huɗu. Shi ya sa tashi daga dami 5 zuwa 25 ke da riba mai yawa, amma tashi daga 25 zuwa 30 ba ya sake kome sosai.

Wannan rabo na 'yan kasuwa ne su ma. A ce falke ya sayi masara buhu 300 a Dandume, cikin tirela guda, a kan kowane buhu kilo 100 ne, zai kai Dawanau ta Kano inda za a sa a sikeli. Ya zaɓi buhu 16 ya auna, matsakaici ya fito kilo 97, saɓani kilo 4. Lambar da ke ba da 16 ita ce 4, a raba 4 da 4 ya zama 1, sau 2 da 'yan kai ya zama wajen kilo 2. Matsakaicin buhu yana tsakanin kilo 95 da 99. Kilo 100 bai shiga ciki ba, ke nan yana da hujjar cewa buhunan ba su cika ba, kuma giɓin yana tsakanin buhu 3 da buhu 15 a tirelar. Gara ya san haka a Dandume da ya sani a Kano.

ZAƁE YA FI LISSAFI MUHIMMANCI

Duk lissafin nan yana tsaye ne bisa sharaɗi guda, cewa abin da a ka ɗiba ba son rai ya zaɓe shi ba. In manomi ne zai zaro damuna, hannunsa zai tafi ga manya masu cikar zangarniya ko da bai yi niyya ba. In mai saye ne, zai tafi ga waɗanda tsuntsu ya ci ko ƙuduji ya shaƙe. Maganin wannan ƙuri'a ce. A jera damuna, a ba kowane lamba, a rubuta lambobin a 'yan takardu, a zuba a hula, a kira yaro ya zaro. Ko kuwa a jefa ƙuri'a a kan lamba ɗaya daga 1 zuwa 8, a fara daga nan, a riƙa ɗaukar kowane dami na takwas har a kai ƙarshe, sai a sami 25 daga cikin 200. Haka buhu: kada a tsaya ga na bakin ƙofar sito, kada kuma a duba hatsin bakin buhu kaɗai, a soka ƙarfen zaro hatsi a tsakiya da gindi.

In zaɓen ya karkace, yawan awo ba ya gyara shi. Ma'aikacin da ya auna gonaki 100 duk a bakin titin Malumfashi, inda motar taki ke isa, lambarsa za ta fito da 'yar siririyar iyaka mai ban sha'awa, amma labarin gonakin bakin titi ta ke bayarwa, ba labarin ƙasar ba. A 'yan shekarun nan abin ya ƙara nauyi, domin fitinar 'yan bindiga ta sa an bar gonakin daji da yawa a kudu da yammacin Jihar Katsina, ga shi kuma ma'aikaci ba ya iya zuwa can ya gani. Gonar da ba a shuka ba ba ta shiga littafi, amma rashinta yana shiga kasuwa. Lalle ne mai rahoto ya rubuta garuruwan da ƙafarsa ta kai, domin iyakar lambarsa ke nan.

Sai kuma maganar laima. Masarar da a ka auna ranar da a ka ɓare ta ta fi nauyi bisa wadda ta sha rana ta bushe. A auna samfur bayan ya bushe, yadda za a sa shi a buhu.

BA BAƘON ABU BA NE

Wani zai ce wannan ilmin Turawa ne, me ya haɗa shi da talaka? Kirdado ya daɗe a Musulunci. Ya zo cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kan aiki Abdullahi ɗan Rawaha Haibara ya yi kirdadon dabino tun yana bisa itace, in ya gama kuma ya kan ba mutanen zaɓi, ko su riƙe a kan wannan kima ko su bar masa a kanta. Ga darasi nan ga dillalan yau: mai kima na gaskiya shi ne wanda zai yarda da lambarsa ko shi ne mai saye ko shi ne mai sayarwa. Malaman mazhabar Maliki kuma sun taƙaita kirdadon zakka ga dabino da inabi, hatsi kuwa sai an sussuka an auna.

Lissafin iyakar shi ma a gona da sito a ka haife shi. William Gosset, ma'aikacin kamfanin Guinness a birnin Dublin, wanda aikinsa ya haɗa da gwajin irin sha'ir, shi ya gano a 1908 yadda za a yi in awon kaɗan ne, daga aikinsa lambobi irin su 2.8 da 2.3 su ka fito. Jerzy Neyman, mutumin Polan, ya daidaita ƙa'idar iyakokin a 1937. A Indiya, cikin shekarun 1940, Mahalanobis da Sukhatme su ka kafa hanyar zaɓen gonaki da ƙuri'a, a yanki ɗan fili a ciki a auna, don sanin amfanin ƙasa baki ɗaya. A Nijeriya an yi ƙidayar noma ta hanyar samfur tun 1950 zuwa 1951. Tsakanin 1974 da 1975 a ka buɗe shirin raya noma na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, tare da na Gusau da na Gombe, ma'aikatansa kuma sun sha shiga gonakin ƙasar Funtuwa da Malumfashi da igiya da sikeli. Har yanzu cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ta kan fitar da rahoton damina na kowace shekara. Watau awon ya daɗe a ƙasar nan. Abin da bai iso bakin rumbu ba shi ne al'adar tambayar iyaka.

GA MASU SUKA

Akwai masu cewa tsohon manomi ya fi kowane malami sanin gonarsa. Suna da gaskiya mai yawa. Wani bincike da a ka buga a 1988, wanda a ka yi a ƙasashen Afirka biyar har da Nijar, ya gwada hanyar yankan ɗan fili da abin da manoma su ka faɗa da bakinsu, a ka auna duka biyu da ainihin abin da gonakin su ka bayar. Sai ga yankan ɗan fili yana zarce gaskiya, maganar manoma kuwa ba ta kasa shi daidaito ba. Dalili a fili ya ke: mai yanka ya kan ja igiya ta haɗa da shukar da ke kan iyaka, ya kan kauce wa inda gona ta yi sanƙo, ya kan tsince kowace ƙwaya yadda ba mai girbin gaske da ke yi. Tun a Indiya Sukhatme ya nuna cewa gwargwadon ƙanƙantar filin da a ka yanka, gwargwadon yadda lambar ke kumbura.

Wannan bai rushe maganar iyaka ba, ya nuna inda ya fi kyau a yi awon. Manomi ya san adadin damunansa ba kure, domin shi ya ɗaure su ya ƙidaya. Abin da ido ke ruɗinsa a kai shi ne abin da ke cikin dami, domin daurin bana ba lalle ya zama na bara ba, cikar zangarniya kuma tana bin ruwa da taki. Sai a haɗa biyun: ƙidaya daga manomi, awon tiya daga ƙuri'a.

Wasu kuma za su ce aikin ya yi yawa. Dami 25 ɗin da a ka sussuka ai ba asara ba ne, abincin gida ne da ma za a sussuka. Mai dami 40 ba ya bukatar 25, goma sun ishe shi. Lissafin kuwa kowace wayar hannu tana yin sa, yaran makaranta kuma suna nan a kowane gida.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Manomi ya yi shirinsa bisa iyakar ƙasa. In lissafi ya ce buhu 37 zuwa 43, ya ware abincin gida da iri da zakka, ya ƙulla bashi da alkawari kamar 37 gare shi. Abin da ya ƙaru alheri ne. Wanda ya ci bashi bisa iyakar sama, rabin ƙafarsa na cikin rami tun bai fara biya ba. Wannan ya shafi duk wani rance da a ke lissafa biyansa bisa amfanin da a ke sa rai daga hekta guda, irin shirin Anchor Borrowers da Babban Bankin Nijeriya ya fara a Kebbi a 2015. In an ce hekta za ta ba da buhu kaza, manomi ya tambaya: a gonaki nawa a ka ga haka, a ina su ke, kuma mafi ƙaranci nawa ne?

Ɗan kasuwa ya yarda a jefa ƙuri'a a gaban shaidu kafin a sallama. Wanda ya ƙi ƙuri'a, akwai abin da ya ke ɓoyewa.

Akawu da malamin gona su buɗe gurbi uku a littafinsu maimakon ɗaya: matsakaici, da iyaka daga nawa zuwa nawa, da adadin abin da a ka auna. Shugabanninsu a hukumar KTARDA da sashen gona na ƙaramar hukuma su daina karɓar rahoton da ya zo da lamba guda tsirara. Kada kuma a tsawata wa ma'aikacin da ya kawo iyaka mai faɗi. Shi ne ya faɗi gaskiyar abin da awonsa ya kai, in a na son ta matse sai a ba shi man babur da sikeli ya ƙara awo.

Ƙungiyoyin manoma na Musawa da Matazu da Malumfashi suna iya fara wannan a kakar bana, ba sai sun jira kowa ba. Sikeli ɗaya, tiya ɗaya wadda kowa ya yarda da ita, da littafi ɗaya sun isa gari. In an yi shekara biyar a na rubutawa, gari zai mallaki sanin abin da daminsa ke bayarwa a shekarar ruwa da shekarar fari, ba kuwa baƙon da zai zo ya faɗa masa wata lamba ya tafi da ita.

Allah ya ba da kaka mai albarka, ya sa a ci cikin lafiya da zaman lafiya, amin.